Gwaggo Ta Rasu, Ba Wanda Ya Yi Ihu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu daban wanda ba baƙin ciki ba ne, Mai Ɗakin Sanyi yake sanar da manya da ƙananan ma'aikatan wannan kamfani na dakon kaya, da direbobi, da abokan hulɗa, da duk wanda ya taɓa tura wasiƙa daga ginin nan ta isa inda aka aike ta, rasuwar babbar na'urar imel ta wannan gida, wadda masu boko ke kira saba, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo.

Ta rasu ranar Juma'a da yamma, a ɗakinta na ƙasan bene, kusa da matattakala, a tsaye cikin kejinta na ƙarfe kamar yadda ta yi rayuwarta. Ba tsawa ce ta faɗa mata ba. Ba gobara ba ce, ba kuma ɓera ne ya ci mata waya ba. Da lafiyarta ta tafi, fankokinta na juyawa, faifanta garau. Mai makoki, wato Mai Ɗakin Sanyi, yana so a karanta wannan layin sau biyu, don kada gobe wani ya miƙe a taro ya ce tsufa ne ya kashe ta.

Ga waɗanda suka zo kamfanin nan jiya-jiya, ga tarihin marigayiya. An kawo ta cikin kwali, ƙarti huɗu na nishi a ƙarƙashinta. Mai Ɗakin Sanyi a lokacin ba shi da ɗaki, ba shi da sanyi. Lebura ne mai jan waya a cikin silin, kansa duk yanar gizo-gizo. Waɗanda suka kafa ta suka kafa, suka sha shayi, suka tafi, ba su ƙara ɗaga wayar kowa ba. Aka waiga aka ga shi kaɗai ya san wace waya ta tafi ina, sai aka miƙa masa makulli. Shi ba ɗan boko ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Ya koyi Gwaggo yadda ake koyon halin mutum: da zama tare, da kuskure, da shan zagi. A tsawon zamansu an sauya mata faifai, an sauya mata fanka, an ƙara mata ƙwaƙwalwa, amma Gwaggo dai tana nan Gwaggonta.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Ta riƙe wasiƙar wanda ya rubuta zai ajiye aiki ya fasa turawa. Ta riƙe ta wanda ya zagi Manaja ya tura wa Manajan da kansa bisa kuskure. Ta san wa ke gaishe da wa bayan an tashi aiki. Ba ta taɓa buɗe baki ba, mai kula da ita ma bai taɓa leƙawa ba, duk da makullin na hannunsa. Mai haƙuri ce. Akantan kamfanin nan bai taɓa goge wasiƙa ko ɗaya ba tun da aka ɗauke shi aiki, har da ta tallan takalmi, ta ɗauke masa kayansa kaf ba ta ce uffan ba. Mai tsaron ƙofa ce. Duk safiya sai ta kori ɗaruruwan 'yan damfara, masu cewa wani attajiri ya mutu a wata ƙasa ya bar maka gado, da masu cewa Manaja na cikin taro ka yi sauri ka tura masa kaza. Wasu lokutan, gaskiya, takan haɗa da wasiƙar mutumin kirki ta kora. To, wane mai gadi ne bai taɓa hana baƙon arziki shiga ba?

Ba ta da yawan magana. In lafiya lau ne, sai ka ji huuuuu, a hankali, kamar mai barcin da ba shi da abokin gaba. In ƙarshen wata ya zo, takardu sun yi mata yawa, sai ta koma ƙirr-ƙirr, ƙirr-ƙirr, tana mita amma tana aiki. In kuwa ka ji tit, tit, tit, to faifai ɗaya ya kwanta, ka ajiye abin da ke hannunka. Iyakar maganarta ke nan, kuma ta fi ta mutane da yawa a ginin nan ma'ana.

Takan suma, ba za a ɓoye ba. Amma ranar da Gwaggo ta suma, wa ya isa ya zauna? Kafin ka ce kwabo matattakala ta cika. Sakatariya da takalminta a hannu, Akanta da gumi, Manaja da kansa ya tuɓe kwat ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu.

"Malam, yaya jikin nata?"

"Da sauƙi, Yallaɓai. A matsa baya, kuna cinye mata sanyi."

Su matsa. Wani ya kawo shayi, wani ya riƙe masa tocila ko da wuta na ci. Ba mai shiga ɗakin da takalmi, ba mai shiga sai an ce masa shigo. In ta farfaɗo ta ce huuuuu, sai ka ji tafi har hawa na sama. Mai makoki ba zai yi ƙarya a takardar mutuwa ba: ranakun nan sun fi masa ranar albashi daɗi.

Sunan Gwaggo ma yana da asali, kuma a nan ne ciwon yake. 'Yar mai makoki ta fari ce ta raɗa mata shi. Tun tana firamare, in an tashi makaranta, nan take zuwa ta kifa kwali ta yi aikin gida a cikin sanyi. Rannan ta ɗaga kai ta ce, "Baba, wannan abar mita gare ta kamar Gwaggo." Suna ya bi ta. Ita kuwa yarinyar, duk ginin nan ba wanda ya san ta da wani suna sai 'yar Mai Ɗakin Sanyi. Ta girma, ta yi karatun da ubanta bai yi ba, ta dawo da takardu. Shi da ƙafarsa ya hau bene ya roƙi Manaja a ɗauke ta. Ba wanda ya aike shi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Jinyar marigayiya ta fara ne a ɗakin taro, ba a jikinta ba. Yarinyar nan, wadda yanzu ake kira Injiniya, ta tsaya gaban allo ta ce zamani ya wuce ajiye na'ura a ƙasan bene, a mayar da wasiƙun kowa gajimare. Manya suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ga wanda bai sani ba, gajimaren nan ba a sama yake ba. Na'urar wasu mutane ce, a ɗakin wasu mutane, a wata ƙasa mai nisa, ka biya su su riƙe maka. Wato dai akwai wani ƙato can, zaune a nasa ɗakin sanyin, da nasa makullin a aljihu, bai taɓa jan waya a silin ɗin nan ba, bai san sunan kowa a nan ba, amma shi ke riƙe da wasiƙun da Gwaggo ta yi shekaru tana goyo. Mai makoki bai taɓa ganin mutumin nan ba, amma yakan kwana ya tashi da shi a rai.

Aka fara kwashe ta. Yau akwatunan sashen kuɗi, gobe na direbobi, jibi na manya. Injiniya ba ta yi garaje ba, ba ta kuma zubar da wasiƙar kowa a hanya ba, duk da mai makoki ya sa ido sosai ko za ta zubar. Daga ƙarshe ta sauya adireshi, yadda duk wasiƙar da ta taso daga waje ba za ta ƙara ƙwanƙwasa ƙofar Gwaggo ba. Fitilun gabanta, masu ƙyaf-ƙyaf dare da rana kamar idon mai jiran baƙo, suka tsaya cak. Tana nan tana huuuuu, ciki ba komai.

Matattakala ta yi tsit. Wanda duk ke da matsala sai ya wuce teburin Injiniya, a sama, kusa da taga, inda ba ko ƙofa balle makulli. Ta danna nan, ta danna can, mutum ya tafi yana sa mata albarka. Shayin da ke saukowa ƙasa ya koma hawa sama. Sai rannan sabon direba ya gamu da mai makoki a bakin get, ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Baban Injiniya." Mai makoki ya kawar da kai ya wuce. Kafin mako ya zagayo, har Mai Gadi, wanda suka tsufa tare, ya ɗauka. Mutumin da aka san 'yarsa da sunansa, yau shi ake sani da sunan 'yarsa. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Gado aka ce. Ba a ce a raba gadon mutum yana tsaye yana kallo ba.

Da maganar kashe Gwaggo ta taso, mai makoki ya hau bene ba tare da an kira shi ba.

"Yallaɓai, ba za ta kasu ba. Mutane kuka kwashe, amma akwai marayu a ƙarƙashinta da ba wanda ya san da su. Injin fotokwafi na sama, in ya ɗauki hoton takarda, ta hannunta yake turawa. Na'urar dangwala yatsa ta bakin get, ita take kai wa rahoto. Sikelin auna motoci na bayan gida haka. Ku kashe ta ku ga aiki."

Manaja ya dubi Injiniya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, don tarbiyya dai an ba ta.

"Yallaɓai, akwai yadda ake yi a sana'ar nan. Gwajin ihu ake ce masa. A kashe ta, amma kada a kwance ko waya ɗaya, kada kuma a gaya wa kowa. A bar ta mako guda. In akwai wanda ke dogara da ita, aikinsa zai tsaya, zai yi ihu, sai a kunna ta."

"In an yi ihun fa?" in ji mai makoki.

"Ta ci gaba da zama, da ɗakinta, da mai kula da ita."

"In ba a yi ba?"

Manaja ya ƙarasa mata: a kwance na'ura, a cire esi mai sanyaya wurin, a mayar da ɗakin ma'ajiyar tsofaffin fayiloli, makulli ya koma wurin Mai Sito. Ya ƙara da sharaɗi ɗaya yana nuna mai makoki da biro: "Naka ihun ba ya cikin lissafi, Malam."

Mai makoki ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce kafin shayi ya huce za a ji kururuwa. Da hannunsa ya kashe ta, ya fito da kujerarsa bakin ƙofa, ya bar ƙofar a buɗe, abin da bai taɓa yi ba, don kada mai ihu ya sha wahalar ƙwanƙwasawa.

Shayi ya huce. Aka sake dafa wani, shi ma ya huce. Mutane na hawa, mutane na sauka, kowa ya wuce ya ce, "Sannu da hutawa, Baban Injiniya." Hutawa!

Da ya ga zama ba zai kawo ihu ba, sai ya tashi ya bi ofisoshi. Ba a ce kada ya gaisa da mutane ba. Ya fara da Akanta, wanda a da ba ya kwana biyu bai sauko da kuka ba.

"Akanta, lafiya dai? Ba abin da ya tsaya maka?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ka duba da kyau. Wasiƙa ba ta maƙale ba? Akwati bai cika ba?"

"Cika? Ai wannan sabon ba ya cika. Ka san har wasiƙun shekarar da na fara aiki na gani a wayata, ina kwance a gida? Yarinyar nan taka, Allah ya yi mata albarka. Ka haifi 'ya, Malam."

"Ni na tambaye ka abin da na haifa?"

Ya wuce wurin Sakatariya, inda injin fotokwafi yake. Nan ne babban fatansa. Ya zaro wata tsohuwar takarda daga kwandon shara, ya miƙa mata.

"Hajiya, ɗaukar mini hoton wannan ki tura wa kanki."

"Wannan ai ta nannaɗe abinci ce, Malam, duk mai."

"Ki dai ɗauka."

Ta sa, ta danna. Injin ya haska, ya ja numfashi. Mai makoki ya gyara tsayuwa yana jiran jan rubutu ya fito. Sai wayarta ta ce ting.

"Ga shi ya shigo. Har man ya fito. Da wani abu?"

"Babu."

"Wai ni Malam, Gwaggo lafiya kuwa? Kwana biyu in na wuce ba na jin gurnaninta."

Ya matso. "Ya dame ki? Aikinki ya tsaya?"

"A'a, wallahi har kaina ya daina ciwo."

Ya sauka bayan gida wurin sikeli. Babbar mota ta hau, ta sauka, takarda ta tafi inda take tafiya. Ya je bakin get ya dangwala yatsa ya shiga, ya dangwala ya fita, har Mai Gadi ya tambaye shi ko ya manta wani abu ne. Rahoto ya tafi sumul. Marayun da yake taƙama da su, ashe tun kafin a rufe wa Gwaggo ido kowannensu ya sami mai riƙo.

Abin ya tsaya masa. Ba a rubuta marayun nan a ko'ina ba. A kansa suke. Ya kai maganar gida, ana zaune ana cin abinci, ya ture kwano.

"Ke, wa ya gaya miki maganar sikeli?"

Injiniya ta dubi uwarta. Uwar ta ajiye cokali.

"Wa ya gaya mata? Malam, shekara nawa muna cin abinci da labarin sikelin nan? Ranar da fotokwafi ta ƙi tura takarda ka gyara, sau nawa muka ji? Ni da ban taɓa shiga ofishinku ba, in aka tashe ni daga barci zan lissafa maka marayun Gwaggo. Har ƙaramar firintar da ke ɗakin direbobi."

"Ba da ke nake ba."

"Da ni kake, tunda ni na haifa maka ita. Mutum ya yi ta cika baki a gaban yarinya, yarinya ta riƙe, sannan ya zo yana neman ɓarawo."

"Baba," in ji Injiniya a hankali, "duk abin da na sani a kanta, a bakinka na ji."

Wai ita nan lallashi take. Ba ta san wannan ce maganar da ta fi ƙona shi ba. Da a littafi ta karanta, da ya ce boko ne ya ci shi. Ashe da sandarsa aka doke shi.

Ranar Juma'a da yamma, wa'adi na gab da cika, yana zaune a bakin ƙofa sai ga ta ta sauko. Ta tuɓe takalmi ta ajiye a gefe, ta tsaya sai da ya ce shigo. Ɗakin shiru, sai esi ke ta sanyaya abin da ba ya zafi. Ta durƙusa.

"Baba, Manaja ya ce naka ihun ba ya cikin lissafi. Bai ce nawa ba."

"Me kike nufi?"

"In hau in ce na gano wani abu da ban gama kwashewa ba. Ba wanda zai bincika. A kunna ta, a bar maka ɗakinka."

"Akwai abin da ba ki gama ba?"

Ta kawar da kai.

"Tambayarki nake. Akwai?"

"Babu, Baba."

"To ki ce kin yi aikin banza alhali ba ki yi ba? A ce 'yata ta bar aiki rabi? Ni kuma in zauna gadin na'urar da ba mai aiko mata ko gaisuwa, kowa na wucewa yana cewa 'yarsa ce ta ji tausayinsa? Ashe bayan ɗakin har fuskar tawa kike so ki kwashe?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kike nufi. Tashi, ƙasan da sanyi."

Ta tashi, amma ba ta fita ba. Ta ɗora hannu a jikin kejin.

"To Baba, a kunna ta sau ɗaya. Ina so in ji muryarta."

Wannan ma bai yi masa daɗi ba. Mutum ya kashe, sannan ya zo yana raba kukan da kai? Amma ya danna. Gwaggo ta yi tari, fankoki suka ɗauka, ta ce huuuuu. Fitilu suka yi ƙyaf-ƙyaf, ta leƙa ko akwai wasiƙar da ta zo tana barci. Babu. Suka tsaya cak. Uba da 'ya suka tsaya suna saurare, ba mai kallon wani. Sannan ya kashe ta yadda ya kamata, a hankali, ba fizgar waya ba, ya jira har fanka ta ƙarshe ta daina juyi. Ya zare wayar wuta ya naɗe ta a hannu. Ya hau bene da kansa, ya tura ƙofar Manaja.

"Yallaɓai, ba wanda ya yi ihu."

Marigayiya ta rasu ta bar batiran ajiyar wuta, waɗanda har yanzu suke cike suna jiran a ɗauke wuta su nuna bajinta. Ta bar esi guda biyu, da aka ji Akanta ya riga ya fara zawarcin ɗaya. Ta bar kabad cike da kaset-kaset na ajiya, waɗanda ba sauran na'urar da za ta iya karanta su. Ta bar fotokwafi, da sikeli, da na'urar dangwala yatsa, da ƙaramar firintar ɗakin direbobi, butulai, ko ɗayansu bai yi fashin aiki na minti ɗaya don kunya ba. Ta bar 'ya guda da ta girma a gindinta, wadda jama'a ke ta yabo, kuma mai makoki bai hana kowa yabo ba, yana dai cewa a riƙa yi a hankali in yana kusa. Ta bar wancan ƙaton na wata ƙasa da ya gaje ta bai san ma an yi ta ba. Allah ya sa nasa esin ya lalace ranar da ba makaniki. Sannan ta bar Mai Ɗakin Sanyi, wanda daga jibi ba shi da ɗaki, ba shi da sanyi.

Ga yadda jana'iza za ta kasance.

Za a fito da marigayiya ranar Litinin da safe, ta ƙofar baya, zuwa filin da ke gefen ɗakin janareta. Ƙarti huɗu suka shigo da ita, ƙarti huɗu za su fitar da ita, ba a yarda a ja ta a ƙasa ko a tura ta a baro ba. A can za a zare faifanta ɗaya bayan ɗaya a huda kowanne da injin huda ƙarfe, kamar yadda dokar sana'a ta ce, don sirrin da ta riƙe ya tafi tare da ita. Wanda duk ya san ya taɓa rubuta abin da ba ya so a gani, ya zo ya tsaya ya ga hudar da idonsa, ya yi mata godiya. Mai makoki ne zai riƙe injin. Injiniya za ta danne faifan, tunda ita ta fara, sai ta ga ƙarshe. Gangar jikin za a miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe, da roƙon kada su auna ta a kan sikelin nan na bayan gida.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa a ɗakin marigayiya har zuwa lokacin da masu cire esi za su iso. A tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Mai ta'aziyya ya zo da ƙafarsa, wanda ya turo ta imel ya sani ta hannun waɗanda suka gaje ta za ta bi, ba kuma za a buɗe ba. Kada wanda ya ce ai ta huta. Kada wanda ya ce haka zamani yake. Wanda ya ce Baban Injiniya a cikin ɗakin nan, a bakin ƙofa zai ƙarasa gaisuwarsa. Manaja zai karɓi makulli hannu da hannu, a gaban jama'a, ba ta hannun ɗan aike ba.

Bayan an watse, daga ranar Talata, za a riƙa ganin mai makoki a hawa na sama, kusa da taga, ya ja kujera gefen teburin Injiniya, da tabarau a hanci, da biro a hannu. Ana gargaɗin jama'a kada wanda ya ce koyo ya je yi. Sa ido ya je yi. Gajimaren nan dole wata rana ya suma, kuma ranar da matattakala ta cika, yana so a same shi a zaune a wurin, ya riga ya san inda ake dannawa.

Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Masu murna kuma, Allah ya ba su abin da za su yi wa ihu.

Sanarwa daga Mai Ɗakin Sanyi, a madadin kansa.